Cikin Agogon Baba

Duk wadda ta taɓa kwanciya a ɗakin jinyar mata na babban asibiti ta san Sista, ko da ba ta san sunanta na yanka ba. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, mai tafiya kamar wadda aka aika kuma aka ce kada ta daɗe. Shekara talatin da biyar ta yi tana kama hannun marasa lafiya, ta ɗora yatsu uku a kan jijiya, ta kafa ido a kan agogonta, leɓɓanta na motsi tana ƙirga bugun jini. In ta fara wannan ƙirge, ko babban likita ne ya shigo sai ya tsaya ya jira ta gama.

Agogon kuwa na maza ne, ya yi wa hannunta girma, fuskarsa ta rine ta koma launin haƙorin tsoho. Ba ya cin batir, sai dai a wana shi kullum da safe. Sababbin nas-nas kan tsokane ta su ce, "Sista, wannan ai ya girmi asibitin." Ita kuma ta ce, "Ya girmi iyayenku ma, kuma bai taɓa zuwa aiki a makare ba kamar wasu."

Na mahaifinta ne. Tela ne shi, mutum mai ƙaramin ƙarfi, kuma agogon nan shi kaɗai ne abin ƙawar da ya mallaka a duniya. 'Ya'ya biyu suka rayu masa: namiji, wanda take kira Yaya, sai ita, wadda gida ke kira Auta. Shekara tara ce tsakaninsu. Yaya ya tashi da son agogon nan kamar me. Saboda shi ya ƙi zama a kan keken ɗinki, ya je ya koyi gyaran agogo, kuma tun da hannunsa ya faɗa, ba wanda ke taɓa agogon Baba sai shi. Kowa a gidan ya ɗauka cewa in ranar ta zo, nasa ne. Ba wanda ya taɓa faɗa, don abin da kowa ya sani ba a ɓata baki a kansa.

Sai Auta ta samu shiga makarantar jinya, takardar kuma ta ce kowace ɗaliba ta zo da agogo mai tsinken sakan. Baba ya sa aka karanta masa takardar sau biyu, ya kwance agogon daga hannunsa ya miƙa mata. Yaya yana zaune a wurin. Shi ne ma ya karɓa ya huda sababbin ramuka uku a maɗaurin don ya zauna mata, ya ɗaura mata da hannunsa, sannan ya ce, "Auta, kada ki yarda kowa ya buɗe shi sai ni. Kin ji ko?"

Ta ji, ta kuma riƙe. Duk shekara takan kai masa ya wanke ya sa mai, bai taɓa karɓar ko sisi ba. In ta matsa masa sai ya ɓata rai ya ce, "Na Baba zan karɓi kuɗi a kai?" Ita kuwa ba wurin da ba ta ba da labarin yayanta ba. In ana hirar 'yan'uwa masu cin amana a ɗakin hutun ma'aikata, sai ta girgiza kai ta ce ita dai Allah Ya rufa mata asiri, ba ta san wannan ciwon ba.

Ritaya ba ta karɓi Sista ba. Mako biyu na farko ta wanke duk labulen gidan, ta jera magungunan maigidanta bisa tsari, ta gwada jinin duk maƙwabciyar da ta yi kuskuren shigowa gaisuwa. Maigidan, tsohon malamin makaranta ne mai son zaman lafiya da jaridarsa, ya ce, "Baiwar Allah, ki nemi abin yi kafin ki kwantar da ni ki sa mini ruwa."

Abin yin shi ya neme ta. Wata safiya ta bi ta layin 'yan gwanjo tana neman murfin tukunya, sai ta tsaya a teburin wani mai tarkace. Makullai marasa ƙofa, tabarau mai ido ɗaya, matattun wayoyi, duk a cikin tire ɗaya. A tsakiyarsu ga wani ɗan agogon mata, gilashinsa ya dushe, ba maɗauri. Ta ɗauka ta girgiza shi a hankali ta kara a kunne. Ya buga sau huɗu ya yi shiru.

"Da sauran rai," ta ce.

"Hajiya, wannan ya daɗe da mutuwa," in ji mai gwanjo.

"Kai ka san mutuwa ko ni?"

Ta saye shi, ta manta da murfin tukunya. Da Yaya ya wanke shi ya tashi, ta ji daɗin da rabonta da shi tun tana sallamar mara lafiya da ƙafarta. Daga nan kuma sai abin ya zama ciwo. Ta yi duk shirmen da sabon shiga ke yi. Ta sayi wani mai kyan fuska da tsada, aka buɗe aka tarar da batir a ciki. Ta wana wani har sai da sifirin ɗinsa, nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da shi, ya tsinke, don a ganinta magani in an ƙara yawa ya fi aiki. Wani kuma ta wanke shi da ruwan sabulu, saboda ita a saninta babu abin da tsabta ke ɓatawa. Ranar Yaya ya yi dariya har da hawaye.

"Auta, zauna in gaya miki," ya ce. "Fuskar agogo ba ta gaya miki komai. Kowa na iya sa fuska. Kafin ki biya, ki ce a buɗe miki ki ga ciki. Sunan da ke rubuce a fuska ya zama shi ne a jikin injin. In kin ga zoben roba an tokare inji da shi, ki ajiye ki yi gaba, ba gidansa ba ne, haya yake yi."

Ta rubuta wannan a littafi, kamar yadda take rubuta umarnin likita.

Cikin shekara ɗaya agogo goma sha ɗaya suka taru a cikin wani tiren allura da ta shimfiɗa wa auduga. Kullum da hantsi takan zauna ta wana su ɗaya bayan ɗaya, ta saita su da na hannunta, don shi ne babba, shi ne ba ya ƙarya. Maigidan ya raɗa wa tiren suna "ɗakin jinya", yakan leƙo ya ce, "Sista, yaya masu jiki?"

Shagon Yaya ba shago ba ne sosai. Wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai yanka makulli da mai gyaran waya. Akwatin gilashi, benci, fitila mai lanƙwasa wuya, da gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi da sai an runtse ido ake ganinsu. Shekara arba'in da wani abu ya yi a nan. Yanzu masu kawo gyara sun ragu, ido ya fara yi masa hazo, hannu kuma ya soma rawa. Sista ta lura da haka tun kafin ya yarda. Wata rana ta ga ya bi ƙusa ɗaya da hantsaki sau biyar tana kuɓuce masa, sai ta ce, "Yaya, kawo." Hannun da ya shekara talatin da biyar yana neman jijiyar jarirai ba ƙusa za ta gagare shi ba. Ta ɗauka ta zaunar da ita a raminta tashi ɗaya.

Tun daga ranar ta samu kujera a lungun. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ta koyi maƙala madubin nan na ido ɗaya, ta koyi ɓamɓare murfin baya da 'yar wuƙa ba tare da ta karce shi ba, ta koyi yawan man da ake ɗigawa, wanda bai kai kan allura ba. A nan kuma ta ga wata ɗabi'a ta masu sana'ar. Duk agogon da Yaya ya gyara, kafin ya rufe sai ya juya murfin, ya ɗauki tsinken ƙarfe ya karta kwanan wata a cikinsa da ƙananan lambobi, ya sa alama a gefe.

"Na mene ne wannan?" ta tambaya.

"Haka na tarar ana yi. Don wanda zai buɗe bayana ya san abin da aka yi wa agogon. Ɗigo, wanki ne da mai. Layi ɗaya, na canza sifirin. In kin ga na gicciye layi biyu, to injin gaba ɗaya na cire na sa wani." Ya hura murfin ya ƙara da cewa, "Mai gyaran da ba ya sa alama ɓarawo ne. Ni ko barci nake, hannuna sai ya rubuta."

Ta ji ya ƙara girma a idonta. Ta ce a ranta, ashe su ma suna da katin mara lafiya.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata Talata ruwan sama ya kama ta a hanyar kasuwa, ta iso gida a jiƙe, ta duba hannunta ta ga raɓa ta kwanta a ƙarƙashin gilashin agogon Baba. Yanzu ta san abin da wannan ke nufi: in ba a buɗe an busar ba, tsatsa za ta shiga. Yaya kuwa yana asibitin ido tun safe, ita da kanta ta karɓo masa katin, kuma ta san in an ɗiga masa maganin nan ba zai ga komai ba sai gobe. Ta yi ta juya agogon a hannu. Shekara talatin da bakwai ba ta karya maganarsa ba. Amma ai yanzu ba kowa ba ce ita, ɗalibarsa ce. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin cin abinci, ta maƙala madubi, ta yi bismillah ta sa wuƙa.

Abin da ta fara gani shi ne zoben roba.

Fari ne, ya ɗan yi rawaya, an yanke shi da kyau an tokare wani ƙaramin inji da shi. Injin ba shi da suna, ba shi da ƙyalli, irin wanda ta sha gani a cikin agogon da Yaya ke turewa gefe ya ce ba su cancanci mai ba. Ta cire madubin ta goge ta mayar. Bai canza ba.

Sai ta juya murfin. Rubutun Yaya ne reras, layi bayan layi, shekara bayan shekara, ɗigo, ɗigo, ɗigo, wani wuri layi ɗaya. Ta bi da tsinin hantsaki tana karantawa har ta zo tsakiya, inda layi biyu suka gicciye. Ta karanta kwanan watan. Ba ta buƙaci lissafi ba, don babu ɗan da ke manta makon da mahaifinsa ya rasu. Shekara goma sha tara ke nan.

Ta tuna da shi sarai. Kwana uku da rasuwar, gida cike da masu gaisuwa, tana tsugune tana wanke kwanuka, Yaya ya zo ya tsaya a kanta ya ce, "Auta, zai sha ruwa. Kawo in ajiye miki." Ta miƙa hannu ya kwance da kansa. Bayan mako ɗaya ya dawo mata da shi. Ta kara a kunne ta ce, "Yaya, kamar muryarsa ta canza." Ya ce, "Kuka ne ya toshe miki kunne. Wanke shi na yi." Ta yarda, har ta yi masa godiya.

Maigidan ya same ta zaune a wurin, shayinta ya huce. Ta nuna masa, ta yi masa bayani da murya irin wadda take gaya wa dangi sakamakon gwaji. Ya ce, "Ƙila karyewa ya yi a hannunsa, kunya ta hana shi faɗa." Ta ce ita ma haka take roƙon Allah.

Washegari ta riga mai makulli zuwa. Yaya na zaune da baƙin tabarau, yana share gilashin akwatinsa. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta tambayi idon, sannan ta ajiye agogon a kan benci, buɗe, murfin a gefe.

Bai ma sunkuya ya duba ba. Ya ce, "Na ce kada kowa ya buɗe."

"Ka ce. Yaya, karyewa ya yi?"

Ya ci gaba da share gilashin.

"In karyewa ya yi ka gaya mini, wallahi yanzu zan rufe in tafi, ba za ka sake jin maganar ba."

"Ya taɓa yi miki lattin minti ɗaya?" ya ce. "Shekara nawa kina aiki da shi, ya taɓa ba ki kunya?"

"Ba wannan na tambaye ka ba. Sayarwa ka yi?"

"Ni? In sayar da na Baba?" Ya ɗago a fusace, kuma fushin na gaskiya ne.

"To yana ina?"

Sista ta shekara talatin da biyar tana tambayar mutane inda ke musu ciwo, ta kuma san cewa in baki ya ƙi faɗa, hannu yakan je wurin da kansa. Hannun Yaya na dama ya tashi a hankali ya rufe wuyan hannunsa na hagu. A nan agogonsa yake, wani mummunan abu mai gidan ƙarfe da ya kokkoɗe, wanda ta sha yi masa tsiya a kai tana cewa mai gyaran agogo da agogon banza.

Ta jawo kujerar ta zauna.

"Injin Baba na cikinsa? Tun ranar yana nan?"

"Tun ranar."

"Muna cikin makoki, Yaya. Ina wanke kwanukan masu yi mana gaisuwa."

Ya cire tabarau ɗin, idanunsa jajaye, ba ta san ko na magani ba ne. "Ina da shekara bakwai nake kwana da kunnena a hannun Baba," ya ce. "Saboda agogon nan na bar ɗinki, ya yi wata uku ba ya yi mini magana. Ni na san kowane haƙori da ke cikinsa. Rana ɗaya takarda ta zo, ya kwance ya ba ki, ko kallona bai yi ba. Ni na huda miki ramukan. Shekara goma sha takwas ina wanke shi ina miƙa miki, ban ce uffan ba, don yana raye. Da ya tafi na ce to, ke lokaci kike so, na ba ki mai ba da lokaci. Me kika rasa?"

"Da ka roƙe ni."

"Da kin ba ni?"

"Da na ba ka!" Muryarta ta tashi har mai gyaran waya ya leƙo ya koma. "Wallahi da na kwance na ba ka a wurin, da hannuna jiƙe. Ka san ni. Amma ka bar ni shekara goma sha tara ina tashi da safe ina wana wannan abin, ina cewa Baba ya taɓa shi. Ranar da 'yata ta fari ta haihu, da shi na ƙirga numfashin jaririn, na ce mata kakanki ne ke ƙirgawa. Ka bar ni ina yawo ina gaya wa duniya ba ni da ɗan'uwa maci amana. Kai kuma ka zaunar da ni a nan kana koya mini yadda ake gane na jabu."

A nan ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Alamar ce. Na so in bar wurin ba rubutu. Hannuna ya ƙi."

Ya kwance agogon nasa, ya tura mata a kan benci. "Ɗauki. Ni yanzu ba zan iya mayar da shi ba, idon ba ya gani. Amma ke za ki iya, in gaya miki yadda za ki yi."

Ta dubi mummunan agogon. Ta so ta ɗauka ta kara a kunne, ta ji muryar da aka ce mata kuka ne ya canza. Amma ta san in ta ji, za ta yi kuka a gabansa, shi kuma zai ɗauka an shirya ke nan. Ta sa yatsa ɗaya ta tura masa abinsa, ta haɗa masa da nata, gidan da murfin da maɗaurin mai ramuka uku.

"Haɗa duka, Yaya. Gadonka ya cika."

"Auta."

"Sai an jima."

Ba ta daina tara agogo ba. Sun kai ashirin da wani abu yanzu, ita ke wanke su da kanta a teburin cin abinci, kuma 'yan gwanjo sun san ta: ba ta taya komai sai an buɗe a gabanta. Wani lokaci ta ɗaura wannan, wani lokaci wancan, ba wanda ya zauna mata. Kujerarta ta lungun matakala mai makulli ya ɗauke, yana ɗora injinsa a kai.

Yaya kuwa ba ta yar da shi ba, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hawan jini ya kama shi bayan idon, kuma duk Asabar takan je gidansa da jakarta ta duba shi. Ta gaishe da matarsa, ta tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Har yau yana ɗaure da mummunan agogon a hagu. In ta zauna yakan miƙo mata wannan hannun, kullum shi yake fara miƙowa, ya riƙe shi a sama yana jira.

Ita kuma sai ta ce, "Kawo na dama."